Tiyata da robot a lokacin annoba: tambayoyin da ake ta yi min kan kwasar bairos a asibiti

Aikina nas ce a ɗakin tiyata, kuma shekarun da na yi a can kusan rabinsu a ɗakin da ake aiki da robot na yi su. Tun 2020 da korona ta shigo tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo min, wani ya tare ni a bakin wod, wata ta kira ni tsakar dare saboda an ba mijinta rana kuma hankalinta ya ƙi kwanciya. Shi ne na ce bari in tara su wuri guda yadda aka saba yi min su. Wannan fa ba zai maye maka likitanka ba, shi ne ya ga hoton cikinka ba ni ba.

Sista, wai robot ɗin ne ke yin aikin da kansa?

A'a wallahi. Ba ya motsa ko yatsa sai an motsa shi. Likita ne ke zaune a wata kujera ta musamman a gefen ɗakin, ya cusa goshinsa cikin madubin na'urar yana kallon cikinka kamar ya shiga da kansa, yatsunsa cikin wasu 'yan zobba, ƙafarsa a kan feda, da yawansu ma cire takalmi suke yi don su ji fedar da kyau. Duk yadda ya murza hannu haka hannayen robot ɗin za su murza a cikinka ta wasu 'yan ƙananan huda da ba su wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Wanda aka fi sani shi ne da Vinci na kamfanin Intuitive Surgical, hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta amince da shi tun shekarar 2000, daga baya wasu suka fito irin su Versius na Ingila da Hugo na Medtronic. An fi amfani da su wurin cire furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da aikin ƙoda, mahaifa, hanji, har da huhu da maƙogwaro.

To tunda likitan yana can nesa ai ba mai shafa min cuta kenan ko?

Nan ne mutane ke ruɗuwa. Likita ɗaya ne ya yi nisa, shi ma ɗan taku kaɗan ne a cikin ɗaki guda. A gefen gadonka akwai mataimakin likita da ke canza wa robot ɗin kayan aiki yana zuƙe jini, ga nas mai miƙa kaya, ga wata mai kai-kawo, ga likitan sa barci da mataimakinsa tsaye a kanka tun daga farko har ƙarshe. Kuma kafin a fara ai sai an zura maka bututun numfashi ta maƙogwaro, in an gama a zare, a wannan lokacin fuskar mai sa barci da taka tazararsu ba ta kai kamu biyu ba, kana farfaɗowa kana tari ba ka ma sani ba.

Amma in faɗa maka gaskiya, duk da haka ɗakin tiyata yana cikin wuraren da suka fi ko'ina aminci a asibiti. Kowa da takunkumi, lokacin korona ma N95 ne, wato takunkumi mai tace iska sosai, da gilashin fuska, sannan iskar ɗakin ana sauya ta wajen sau 20 a awa ɗaya. A lissafin hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ɗakin da ake sauya wa iska haka cikin minti 14 ya zubar da kashi 99 cikin ɗari na abun da ke yawo a iskarsa. Ba a nan nake jin tsoro ba.

To a ina mutum ya fi kwasar ta?

A wod. Wannan ita ce maganar da nake so duk wanda ya karanta shafin nan ya tafi da ita ko ya manta sauran.

Ka duba lissafin da kanka. Tiyatar awa uku ce ko huɗu, cikin ɗaki mai tataccen iska da mutane shida da suka rufe hanci da baki. Daga nan sai a gangara da kai wod ka kwana biyu ko biyar ko goma cikin ɗaki mai gado huɗu ko shida, labule kawai ya raba ka da na kusa da kai, kuma labule ba ya tare iska, ido kawai yake tarewa. Na gadon can yana tari cikin dare, kai kana barci takunkuminka ya zame ya koma haɓa, banɗaki ɗaya kuke shiga, nas ɗaya ce ke zagaya ku da na'urar awon jini ɗaya, mai shara ya shigo, mai kawo abinci ya shigo, mai tura keke ya kai ka hoto ya ajiye ka a layi kusa da wanda aka kawo daga ɗakin gaggawa ba a ma samu sakamakon gwajinsa ba tukun. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙofa ce.

Sannan mu ma'aikata, bari in faɗi laifinmu. A gaban majinyaci kowa tsaf yake, amma da an samu hutun minti ashirin sai a cunkushe a ɗan ɗakin hutu da ko taga babu, a cire takunkumi ana hira ana dariya. Cutar ta sha bi ta nan ta shiga wod, tunda abun da ya sa korona ta gagari mutane shi ne mutum na iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani abu a jikinsa, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. A farkon annobar an fi ba wanke hannu da goge teburi ƙarfi, an ɗau lokaci kafin manyan hukumomi su fito fili a 2021 su ce ai ƙwayar tana rataya a iska a ɗakin da ba ya shan iska, ta wuce mita biyun da ake ta cewa a bari. Mu da ke ciki mun riga mun ga alamar haka, don sai ka ga gado huɗu a ɗaki ɗaya sun kamu a sati guda alhali ba wanda ya taɓa wani.

An ce ana hura wa mutum iska a ciki, kuma in ta fito tana ɗauke da cuta. Da gaske ne?

Ana hurawa kam. Don robot ya samu wurin motsi ana cika ciki da iskar kabon dayoksaid har ya kumbura kamar ganga, matsin ya kan kai 12 zuwa 15 a ma'aunin da muke amfani da shi. Kuma kayan yanka na lantarki suna ƙona nama, sai hayaƙi ya taru a ciki, in ya yi yawa ya dishe kamara dole a fitar da shi.

Tsoron yana da tushe. Tun kafin korona an taɓa samun ɓurɓushin bairos ɗin HPV, mai haddasa kansar bakin mahaifa, a hayaƙin aikin lesa, wato ƙona nama da haske mai ƙarfi, sannan a 2016 wasu likitoci a Koriya ta Kudu suka samu na ciwon hanta nau'in B a hayaƙin tiyatar huda, wato wadda ake yi ta 'yan ƙananan huda ba tare da farke ciki ba, ta masu ɗauke da cutar. To da korona ta zo a watan Maris na 2020 sai kowa ya tsorata, ƙungiyoyin likitocin tiyata na Birtaniya suka ce a yi hattara da tiyatar huda, wasu asibitoci suka rufe robot ɗinsu da leda suka koma farke ciki irin na da. Ƙungiyar likitocin tiyatar huda ta Amurka, SAGES, da takwararta EAES ta Turai kuma suka ce a ci gaba amma a rage matsin iskar, a yi hudar daidai girman bututun kar ta riƙa yoyo, kuma duk iskar da za ta fita ta bi ta filta. Filtar ULPA ake so, wadda ke kama abun da ya kai ƙanƙantar maikiron 0.1, kusan girman ƙwayar koronar kenan.

Abu biyu nake so ka riƙe. Na ɗaya, an gama annobar ba a tabbatar da cewa hayaƙin tiyata ya sa wa wani korona ba, shi ya sa aka sassauta waccan shawarar daga baya. Na biyu, ko da ma akwai haɗarin ai ba naka ba ne kai majinyaci, namu ne da ke tsaye a kanka, iskar daga cikinka take fitowa ba shiga take ba, wadda ake hura maka daga tukunya take zuwa kuma ta filta take bi. A ganina ma rufaffen ciki ya fi sauƙin sarrafawa, hayaƙin yana tsare wuri ɗaya ka zuƙe shi ta bututu, a buɗaɗɗen ciki kuwa kai tsaye yake tasowa hancin kowa.

Na taɓa yin kuskure a nan. Satin farko da aka kawo sabuwar dokar, an gama aiki likita ya ce a sace iskar, hannuna da ya saba shekara da shekaru kawai ya kai kan ɗan famfon bututun ya murɗe, sai ji muka yi fuuuu iska tana fita cikin ɗaki ba ta filta ba. Ɗakin ya yi tsit. Na rufe da sauri amma rabi ta riga ta fita. Gwajin majinyacin bai nuna komai ba kuma ba wanda ya kamu, amma daga ranar sai na riƙa liƙa ɗan filasta a kan famfon tun kafin a fara, don hannu ya ci karo da wani abu ya tuna.

Kayan robot ɗin fa, ba da su aka yi wa wani jiya ba?

Da su aka yi, kamar yadda almakashin kowace tiyata ma an yi wa wani da shi. Ana wanke su a dafa su a tukunyar tururi mai matsi, kuma kowane ɗaya na'urar tana ƙirga sau nawa aka yi aiki da shi, in ya cika adadinsa, galibi wajen sau goma ko sama da haka kaɗan, robot ɗin da kansa zai ƙi karɓarsa. Hannayen kuma ana sa musu sabuwar rigar leda mai tsafta ga kowane majinyaci. Korona ba ta da taurin kai a wannan fannin, kitse ne ya lulluɓe ta, sabulu ma yana fasa ta balle tururi. Wankin kayan an fi yinsa ne saboda irin su ciwon hanta B da C da bakteriya.

Me ya sa likitoci suka firgita haka da mutum ya kamu daf da tiyata? Ba mura ce mai ƙarfi kawai ba?

Ga wanda ke zaune lafiya a gida wataƙila. Ga wanda aka yi wa aiki jiya labarin daban ne. Maganin barci da injin numfashi suna barin ƙasan huhu a ɗan lanƙwashe, ciwon wurin ɗinki yana hana mutum jan dogon numfashi da yin tari mai kyau, garkuwar jiki ta tafi gyaran rauni, jini kuma ya fi saurin daskarewa bayan tiyata, ita ma korona tana daskarar da jini, ka ga an haɗu kenan.

Akwai wata haɗakar likitoci mai suna COVIDSurg da jami'ar Birmingham ta jagoranta. A watan Mayu na 2020 suka fitar da bincike a mujallar Lancet kan mutum 1,128 a asibitoci 235 na ƙasashe 24, dukkansu sun kamu da korona kwanaki kaɗan kafin tiyata ko cikin wata guda bayanta. Kashi 51.2 cikin ɗari suka samu matsalar huhu, kashi 23.8 suka rasu cikin kwana 30. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu fa. Ranar da na ga wannan adadin jikina ya yi sanyi. Amma a yi adalci, wancan lokacin ba rigakafi, ba a san maganin da ke aiki ba, yawancin aikin ma na gaggawa ne, kuma waɗanda suka fi jin jiki su aka fi gwadawa. Bayan rigakafi ya zo a ƙarshen 2020 da kuma nau'in Omicron a ƙarshen 2021 abun ya sauka sosai. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne maza, 'yan shekara 70 zuwa sama, masu cutar kansa, da masu wasu cututtukan a jiki tun da farko.

To in haka ne me robot ɗin ya ƙara min?

Ya rage maka kwana. Amfaninsa kenan a wannan maganar, ba wani siddabaru. Huda ƙanana, jinin da ake zubarwa kaɗan, ciwo da sauƙi, ka tashi ka taka da wuri, huhunka ya buɗe da wuri. Wanda aka cire wa furostet da robot sau da yawa washegari ko jibi yake tafiya gida, wasu wuraren ma ranar ake sallamarsa, alhali in farke ciki aka yi zai ƙara kwanaki. Duk daren da ba ka kwana a wod ba, dare ne da ba ka shaƙi iskar mutum biyar ba. Haka kuma ba kasafai ake buƙatar kai mutum ɗakin kulawa ta musamman ba, wanda a tsakiyar annoba nan ne masu korona suka cika.

Kar dai a zuzuta. Tiyatar huda ta hannu, wadda ba robot, ita ma tana ba da kusan wannan ribar a ayyuka da yawa. Sannan aikin robot ya kan ɗan fi daɗewa, musamman in likitan bai gama gogewa ba, kuma a aikin ƙasan ciki ana karkata gadon kai ƙasa ƙafa sama sosai na awanni, ga ciki a kumbure yana danne huhu, mai matsalar huhu ko zuciya wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Wanda ake yi wa ta baki kuma, aikin maƙogwaro, shi a gidan bairos ɗin ma ake aikin, dokarsa ta fi tsauri.

Sista an sallami babanmu, kwana uku da dawowa gwaji ya nuna yana da ita. A asibiti ya ɗauka ko?

Allah ya ba Baba lafiya. Amsar tana ga kwanakin, ki ƙirga. Korona ta asali ta kan ɗauki wajen kwana 5 kafin ta nuna, tana iya kaiwa 14, Omicron kuma wajen kwana 3. A Ingila ga yadda suka raba abun ga wanda ke kwance: in gwaji ya nuna cikin kwana biyun farko da kwanciya, daga gida ya zo da ita. Kwana 3 zuwa 7 ba a yanke hukunci. Kwana 8 zuwa 14 ana kyautata zaton a asibiti ne. Daga 15 zuwa sama a asibiti ne ba makawa.

To matsalar masu aikin robot ita ce ba sa daɗewa, mutum ya kwana ɗaya ya fita, duk abun da ya kwasa sai ya isa gida zai bayyana, lissafin asibiti ba zai ma gan shi ba sai in an bi shi da waya. Shi ya sa in na ji asibiti na cewa ba wanda ya kamu a wurinmu, tambayar da nake yi ita ce kun kira su bayan sati biyu? Ta ɗaya ɓangaren kuma, Baba zai iya ɗauka a motar da ta dawo da shi ko wurin waɗanda suka cika ɗaki suna masa sannu ranar da ya dawo. Ko ma dai ina ne, ki kira sashen da suka yi masa aikin yau ɗin nan ki faɗa musu, don su duba shi kuma su duba waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi.

Me ake nufi da asibiti ko sashen da ba korona?

Tsari ne da aka ɓullo da shi a 2020, a ware gini ko hawa guda, ɗakin tiyatarsa daban, wod ɗinsa daban, ɗakin kulawa ta musamman daban, ma'aikatansa ba sa tsallakawa ɓangaren masu korona, kuma ba mai shiga sai an gwada shi. COVIDSurg sun duba wannan ma a kan masu cutar kansa 9,171 a ƙasashe 55. Matsalar huhu bayan tiyata ta kasance kashi 2.2 a inda aka ware, 4.9 a inda ba a ware ba. Kamuwa da koronar bayan aiki kuma kashi 2.1 da 3.6. Ka lura ba sifili ba ne ko a inda aka ware ɗin, amma bambancin a bayyane yake. In aka ba ni zaɓi tsakanin robot a asibitin da ya cakuɗa kowa da kowa, da tiyatar huda ta hannu a inda aka ware, ni dai na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

An gwada ni kafin aiki ba a ga komai ba, shikenan na tsira?

Gwajin PCR, wato gwajin korona da ake ɗaukar samfur ta hanci, hoton rana ɗaya ne. A lokacin annobar galibi cikin kwana uku kafin aiki aka riƙa yinsa, in ka kwashi cutar jiya yau aka gwada ka ba lallai ta nuna ba, in kuma ka fito daga gwajin ka wuce taro to ka ɓata shi. Shi ya sa a lokacin aka riƙa cewa daga ranar gwaji ka killace kanka har ranar aiki, farkon annobar ma sati biyu cur ake sa mutane su yi a gida su da iyalansu. In akwai rigakafi ka yi tun da sauran lokaci, a bar 'yan kwanaki zuwa sati tsakaninsa da tiyatar, don kar zazzaɓin allura ya rikita mu mu ɗauka wani abu ne.

Na kamu sati biyu kafin ranata, an ɗage. Har yaushe zan jira?

Lambar da aka fi ji ita ce sati 7. Ta fito ne daga wani babban bincike na 2021 kan mutum sama da 140,000 a ƙasashe 116, inda aka ga waɗanda aka yi wa aiki cikin sati shida da kamuwa mutuwarsu ta kai wajen kashi 4, waɗanda suka kai sati bakwai kuma ta dawo kashi 1.5 daidai da wanda bai taɓa kamuwa ba, sai dai in har lokacin da sauran alamu a jikinsu. Wannan kafin rigakafi ne. A 2023 ƙungiyoyin likitoci a Birtaniya da Amurka suka sassauta, suka ce kar a yi aikin da ba na gaggawa ba cikin sati 2, tsakanin sati 2 da 7 kuma a duba mutum, shekarunsa, girman aikin, yadda cutar ta kama shi. Robot bai canza wannan lissafin ba, huhun da za a sa wa injin numfashi ɗaya ne.

Ba gara in haƙura sai annobar ta wuce ba?

Ya danganta da abun da ke damunka. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, ba ta janye dokar ta-ɓacin ba sai 5 ga Mayu 2023. Wanda ya ce zai jira ta wuce shekara uku ya jira, cutar kansa kuwa ba ta san ana annoba ba, girma take yi abunta. An yi ƙiyasin cewa tiyata miliyan 28.4 aka soke ko aka ɗage a duniya cikin sati 12 na tsananin zagayen farko, kuma mun ga waɗanda suka dawo daga baya ciwon ya wuce inda wuƙa za ta kai. Akwai kansar furostet mai tafiyar hawainiya da likita zai ce maka wata uku ko shida ba komai, akwai ta mafitsara ko hanji da ba a wasa da ita. Kar ka yanke wannan kai kaɗai a ɗaki saboda tsoro, ka tambayi likitan kai tsaye, in na jira wata uku me zai faru da ni.

Na dawo gida jikina da zafi, ya zan gane na tiyata ne ko bairos?

Ɗan zafin jiki a kwana biyun farko abu ne da aka saba gani bayan aiki. Ciwon kafaɗa ma haka, ragowar iskar nan ce ke taɓa wata jijiya a ƙarƙashin huhu sai ka ji shi a kafaɗa, mutane suna tsorata da shi amma yana wucewa da kansa in kana tattaki. Kaikayin maƙogwaro na kwana ɗaya biyu kuma bututun numfashi ne.

Abun da ba a jira da shi: zazzaɓin da ya taso bayan kwana uku ko ya kai 38 ya ƙi sauka, sabon tari, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, ƙafa ɗaya ta kumbura, ruɗewa musamman ga tsoho, ko ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Kuskuren da na fi gani lokacin annoba shi ne komai a ce korona ce a zauna a gida, alhali ɗinkin hanji ne ya ɓalle ko gudan jini ya tafi huhu. Kai ba za ka iya bambancewa ba, mu ma sai da gwaji da hoto. In kana da ɗan abun awon oksijin na yatsa, 92 zuwa ƙasa asibiti ne kai tsaye. Kuma mai duhun fata ya sani na'urar ta kan ƙara masa maki sama da gaskiya, wani bincike na jami'ar Michigan ya nuna haka a ƙarshen 2020, don haka in tana nuna 95 amma kana haki, ka yarda da hakin.

In gwaji ya nuna korona ce, akwai magunguna irin Paxlovid da ake farawa cikin kwana 5 da fara alamu, amma kar ka sha sai likita ya ga jerin magungunan da aka sallame ka da su, yana karo da wasu magungunan tsinka jini da na masu dashen ƙoda.

Hana 'yan dubiya ba zalunci ba ne?

Yana da ciwo, na gani da idona, dattijo ya farfaɗo yana waige-waige ba fuskar da ya sani ko ɗaya, sai mu riƙe masa waya a yi bidiyo da 'ya'yansa. Ga wanda zai yi wata a kwance ko wanda ya rikice ina ganin an wuce gona da iri a wurare da dama. Amma ga mai kwana ɗaya ko biyu bayan aikin robot, haƙurin ba shi da yawa. Ni inda na fi so a tsaurara ma gida ne, sati biyun farko mutum ɗaya ko biyu su kula da shi, taga a buɗe, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya.

Korona kaɗai ce abun tsoro?

Ina fa. Mura mai tsanani ta infuluwenza da RSV, wani bairos mai kama hanyoyin numfashi, duk hanya ɗaya suke bi kuma suna kayar da tsoho bayan tiyata. Akwai norobairos mai sa amai da gudawa, shi in ya shiga wod sai an rufe wod ɗin, kuma sanitaiza ba ta cika kashe shi ba sai ruwa da sabulu. Ka yi tunanin yunƙurin amai da sabon ɗinki a ciki.

Ba za a iya yi min daga wani gari ba, likitan ma kar ya shigo?

An taɓa yi tun 2001, Farfesa Jacques Marescaux yana New York ya cire wa wata mata matsarmama tana Strasbourg a Faransa. Amma ko a ranar akwai cikakkiyar tawaga tsaye a kanta. Likitan da ke kujera kawai ka cire, mai sa barci da mu nas muna nan, wod ɗin ma yana nan.

Me zan tambaya ranar da zan ga likita kafin aikin?

Ka tambaye shi kwana nawa yake sa ran za ka yi, kuma me zai sa a sallame ka da wuri. Ka tambaya wod ɗin da za a kai ka ana kwantar da 'yan gaggawa a ciki ko masu aikin da aka tsara ne kawai, ana gwada kowa kafin a ba shi gado, gado nawa ne a ɗakin, akwai ɗaki na mutum ɗaya in kana shan maganin cutar kansa ko garkuwarka ta yi ƙasa. Ka karɓi lambar da za ka kira da dare in wani abu ya taso, lambar da mutum ke ɗauka ba wadda za ta yi ta ringin ba. Ka zo da takunkumi masu kyau fiye da ɗaya don na farko zai jiƙe, kuma in nas ta zo kanka nata yana ƙasan hanci ka ce mata Sista don Allah ɗan ja shi sama. Ni an taɓa faɗa min haka, wani tsoho ne ma da ƙyar yake magana bayan an zare masa bututu, da yatsa ya nuna min hancina, na ja na ce masa na gode Baba.